Yadda na raba firizata da janareta

Zoɓo da kunun aya nake sayarwa a gida, a nan Kano, kuma duk mai wannan sana'a ta san sanyi ne jarinta. Kunun aya ba shi da haƙuri. In ya kwana babu sanyi, da safe sai zubarwa.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ga janaretana yana shanye lita huɗu a wuni. Da na zauna na yi lissafi, sai na ga ashe gidan mai nake yi wa wahala.

Na kwashi adashi, na haɗa da kuɗin zobena, aka kafa min sola: faranti huɗu masu kama hasken rana a kan rufi, da inbata mai juya wutar batir zuwa irin ta gida, da batir biyu na ruwa. Yaron da ya haɗa ya ce, "Hajiya, faranti ya yi araha tunda Sin ta cika duniya da shi. Batir ne mai cin kuɗi, ki lallaɓa shi." Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. Na riƙa barin firiza a kunne har asuba, inbata na ta ƙara ina sharewa, ruwan batir ma ban taɓa dubawa ba. Shekara ba ta cika ba suka mutu. Ranar na yi kuka, wallahi.

Daga nan na sauya tsari. Wutar rana kusan kyauta ce, wadda aka ajiye don dare ita ce mai tsada. Yanzu da hantsi nake kunna firiza, ta yi ta aiki har la'asar. Na jera robobin ruwa a ƙasanta su daskare, da magariba in kashe, in lulluɓe murfin da tsohon bargo. Ƙanƙarar nan ke riƙe min sanyi har gari ya waye.

Sai hunturu. Ƙura takan kwanta a kan farantin har ka iya rubutu da yatsa, caji ya ja baya. Duk bayan kwana biyu autana kan hau da bokiti da tsumma bayan sallar asuba, kafin gilashin ya ɗau zafi.

Kuɗin da a da nake kai wa gidan mai, asusu nake jefa su. Kuɗin batirin litiyam nake tarawa, irin wanda ba a zuba masa ruwa.