Ruwan ne ba shi da lafiya, ni kuwa kifin nake ta ɗura wa magani

Ƙannena masu sha'awar ajiye kifin ado a ɗaki, kifi goma sha ɗaya na binne a bayan gidanmu a Garwa kafin in yarda cewa hannuna ne ke kashe su.

Ranar da na sayo akwatin gilashi mai cin lita 60, ko hutawa ban yi ba na cika shi da ruwan famfo, na juye kifaye takwas a ciki. Ruwa garau, kana ƙirga tsakuwar ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Da safe biyu sun kife, ciki sama. Warin jabel ɗin nan da kuke ji a ruwan famfo sinadarin kilorin ne. Mu yana kare mu daga cuta, shi kuwa kifi ƙone masa jan naman nan na gefen kai yake yi, wanda yake numfashi da shi. Da na tara ruwan a buɗaɗɗen baho ya kwana biyu, da kilorin ɗin ya fice da kansa.

Wannan ƙaramin laifi ne idan aka gwada da tsaftar da na ɗora wa kaina. Kowace Asabar sai in kwashe kifayen a bokiti, in zubar da ruwan kaf, in wanke tsakuwa da soson tace ruwan akwatin da omo a bakin famfo, ina ganin na fi kowa kula. Ashe kashin kifi da ragowar abinci suna rikiɗewa su zama amoniya, guba ce da ido ba ya gani. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke zama a jikin soson da tsakuwar, su ke mai da amoniya ta koma naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mai da shi naitiret, wanda illarsa kaɗan ce. Kafin su yi yawan da za su iya wannan aiki, sai akwati ya yi mako huɗu zuwa shida. Ni kuwa duk mako sai na hallaka su, aiki ya koma farko. Da kifayen suka fara naɗe fikafikai suna lafewa a lungu, sai na fasa kafso ɗin nan ja da yalo na barbaɗa musu. Ruwa ya yi kumfa, uku suka bi 'yan'uwansu.

Kawuna, wanda ya daɗe yana su a tafkin Lagdo da ke kan kogin Binuwai, shi ya leƙo ya sunkuya ya shinshina akwatin. Ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka Binuwai ana juye ta a wanke? Rage kaɗan, ƙara kaɗan." Tun daga nan kashi ɗaya cikin huɗu nake canzawa a mako, da ruwan da ya kwana a ɗaki ɗaya da akwatin don zafinsu ya zo daidai. Soson kuma a cikin tsohon ruwan da na ɗebo nake matse shi, ba sabulu. Abinci, abin da za su cinye cikin minti biyu. Kifi ba ya cewa ya ƙoshi, kada roƙonsa ya yaudare ku.

Cuta ta gaske sau ɗaya ta same ni, cikin hunturu, kuma da kuɗina na sayo ta. Na kawo sababbin kifaye biyu na sake su cikin tsofaffin a ranar. Bayan 'yan kwanaki sai ga fararen ɗigo a jikinsu kamar an yayyafa gishiri, suna goga jiki da dutse. Wata ƙwaya ce da ke shiga ƙarƙashin fata, kuma muddin tana can magani ba ya kai mata. Sai ta faɗo ƙasa ta hayayyafa, 'ya'yan sun fito neman kifi, sannan ake samun su. Shi ya sa wanda ya daina magani don ɗigon ya ɓace yake sake ganinsa. Na narka gishiri, ƙaramin cokalin shayi ɗaya a kowace lita 5, na zuba a hankali, na ci gaba har mako biyu. Gishiri ba ya bin tururi, don haka gwargwadon ruwan da na kwashe kawai nake mayar masa. Masu santsin jiki irin dangin tarwaɗa ba su cika jure shi ba, a rage musu. Shuɗin maganin nan metilen da ake samu a farmasi yana aiki, amma a wani baho daban, don yana kashe ƙwayoyin soso. Baƙon kifi yanzu sai ya yi mako uku a bahonsa kafin ya ga sauran.

Sai bazara. A Maris da Afrilu zafin Garwa na wuce digiri 40, ruwa mai zafi kuma ba ya riƙe iska sosai. Idan aka ɗauke wuta injin kumfa ya tsaya, za ku ga kifaye sun taso sama suna haki. Kada a ba su abinci a lokacin. Ni buɗe murfin nake yi, in sa ƙanƙarar leda a ƙulle ta yi iyo a sama, in zauna da moɗa ina ɗiba ina kwararowa daga sama. Akwai daren da na yi haka har aka kira assalatu, ƙanwata na riƙe mini tocilan tana gyangyaɗi.