Kundin mastas ɗina, rabi labari rabi nazari

Mutane da dama sun turo min saƙo suna tambaya wai da gaske ne mutum zai iya rubuta labari ya miƙa a matsayin kundin mastas? To eh da gaske ne, amma fa ba yadda kuke zato ba, don wasu har cewa suke "kin huta da wahalar bincike", wallahi babu wani hutu, aiki biyu ne aka ɗora maka a kan maki ɗaya.

Irin wannan kundi ana kiransa bincike ta hanyar aiki, abin da ake nufi kuwa shi ne, maimakon ka zauna ka karanta abin da wasu suka yi ka yi sharhi kawai, kai ma sai ka ƙirƙiri wani abu, ko labari ko gajeren fim ko wasan kwaikwayo ko fassara ko shirin sauti, sannan ka haɗa shi da rubutun nazari da zai nuna me ka gano ta dalilin yin abin. Sharaɗin shi ne dole akwai tambaya, kuma dole ya zama tambayar ba za ta amsu ba sai an yi aikin da hannu. A Ingila abin ya daɗe, Jami'ar East Anglia ta buɗe mastas na ƙagaggen rubutu tun 1970, Malcolm Bradbury da Angus Wilson ne suka kafa, kuma a can marubuciyar Jodan ɗin nan Fadia Faqir ta samu digirin dakta a wannan fanni a 1990. A 1993 wani masanin fasaha ɗan Ingila, Christopher Frayling, ya rarrabe abin gida uku, bincike a kan fasaha, bincike ta hanyar fasaha, da bincike domin fasaha, har yau da wuya ka shiga ajin da ake wannan magana ba a ambace shi ba. Mu ma fa ba baƙon abu ba ne a wajenmu, tun shekarun 1970 sashen wasan kwaikwayo na ABU Zariya, zamanin su Michael Etherton, yake fita da ɗalibai Samaru da ƙauyuka suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolin manoman, wasan shi ne hanyar binciken.

Ni kwas ɗina adabin duniya ne da nazarin al'adu, a wata jami'a a Ingila. Zangon farko mun sha marubucin Jamus Goethe da maganar da ya yi a 1827 cewa zamanin adabin duniya ya zo, mun sha manazarciyar adabi 'yar Faransa Pascale Casanova wadda a 1999 ta nuna yadda Faris ta zama kamar kotun da ke yanke wa marubuci hukuncin ya shiga duniya ko bai shiga ba, sai malamin adabi ɗan Amurka David Damrosch a 2003 da ya ce adabin duniya shi ne wanda ya yi tafiya ya wuce inda aka haife shi. Wannan ta ƙarshen ita ta tsaya min a rai. Domin in tafiya ce ma'auni, ai littattafan Hausa na Kano tun shekarun 1980 suke tafiya, suna zuwa Maraɗi da Damagaram da Agadas, suna zuwa zangon Kumasi, suna zuwa wajen Hausawan Sudan da na Saudiyya a cikin jakar matafiya, ba wanda ya fassara su ba wanda ya sa musu hannu a Faris. Amma a ajinmu ba a san da su ba, wanda ya taɓa ji ma to littafin Balaraba Ramat Yakubu ne da Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci, kamfanin Blaft na Chennai a Indiya ya buga a 2012, shi kenan. Kuma yanzu tafiyar ma ta kunne ce, ana karanta su a rediyo, ana sa su a YouTube, ana tura su guruf guruf a WhatsApp. Sai tambayata ta zama: idan marubuciya ta san da kunne za a sha labarinta, me hakan yake yi wa rubutun kansa?

Na fara da hira da marubuta, sun ba ni lokacinsu Allah ya saka musu, amma in ka tambayi mutum me ya sa kake maimaita sunan tauraruwa a kowane layi sai ya ce haka dai ake yi, kuma gaskiyarsa ce, sanin a hannunsa yake ba a bakinsa ba. Shi ya sa na yanke shawarar ni ma in rubuta gajeren labari kashi kashi, a karanta a naɗa, a tura wa wasu mata da suka amince su saurara su faɗi ra'ayinsu.

Yayata ce ta karanta min da na zo gida hutu, tana da murya mai daɗi kuma ta saba karanta wa 'yan gida littafi. A ɗakinta muke naɗa bayan isha'i in unguwa ta yi shiru, mu kashe fanka, mu jingina katifa a jikin ƙofa saboda ƙarar janareton maƙwabta, waya a kan filo. Tana cikin karanta kashi na farko sai ta tsaya ta ajiye takardar ta ce, "Ke, wannan layin naki ba ya numfashi, ina zan sha iska?" Na ce Yaya ai ga waƙafi nan. Ta ce waƙafi na ido ne, ita ƙirjinta take ji. Can kuma da muka zo wajen da mata biyu suke cacar baki sai ta ce, "Wa ke magana a nan? Ni ina gani don kin sauka layi, mai wanke-wanke a tsakar gida fa?" Sai ta karɓi biro ta dinga cusa "ta ce" da sunayen mutanen a duk inda na cire su don in yi gayu.

To a nan binciken ya buɗe. Abubuwan da masu suka suka daɗe suna kira cikon shafi a littattafan nan, doguwar gaisuwa, ina kwana ina gajiya ya yara ya mai jiki, maimaita suna, sake faɗin abin da ya faru jiya, duk sai na ga suna da aiki. Mai sauraro ba a zaune take ba, tana girki tana goyo ana kiranta, hankalinta yana fita yana dawowa, gaisuwar nan ita ce ke ba ta damar dawowa ta gane wa ya shigo ɗakin kafin a kai ga magana mai nauyi. Da na gwada tura kashi ɗaya ba gaisuwa ba maimaici, saƙonnin da suka dawo duk tambaya ce, wai wace ce ta zo, wai yaushe aka koma gidan Hajiya. Ga kuma maganar data, in fayil ya yi nauyi ba za a sauke ba, dole kashi ya gajarta, in ya gajarta kuma dole ya ƙare a inda zai ja rai. Wato har kuɗin data yana da hannu a tsarin labari. Ban ga yadda zan gano wannan a laburare ba.

Ɓangaren nazarin al'adu kuma masu sauraro ne suka kawo min shi. Stuart Hall na cibiyar nazarin al'adu ta Jami'ar Birmingham, wadda Richard Hoggart ya kafa a 1964, ya yi bayani a 1973 cewa saƙon da aka tura daban, yadda mai karɓa zai warware shi daban. Na rubuta uwargida a matsayin wadda za a ji haushi, sai ga mafi yawan matan sun koma bayanta, wata ta turo murya tana cewa "baiwar Allah nan ba mugunta ba ce, gajiya ce". Wannan ya shiga sharhina, kuma ya canza yadda na rubuta kashin gaba.

Wahalar fa? Sufabaiza ta, wato malamar da ke kula da kundina, duk haɗuwa tambayarta ɗaya, me wannan ya sanar da mu wanda ba mu sani ba. Labari ya yi daɗi bai isa ba. Dole ka riƙe littafin aiki kana rubuta duk canjin da ka yi da dalilinsa da kwanan wata, ka ajiye tsofaffin kwafi, don su ne hujjarka. Akwai fom na kwamitin ɗa'ar bincike kafin ka naɗi muryar kowa, kuma bayanin fom ɗin ga matar da ta ɗauke ka 'yar gida sai an bi a hankali. Masu duba kundin ba sa jin Hausa, sai da na fassara labarin duka na sa a rataye a ƙarshen kundin, aikin da ba maki a kansa. Sharhin kuma yana da rami biyu, ko ya zama "na yi kaza sai na yi kaza" kamar littafin tarihin rana, ko ya zama kana yabon kanka, alhali so ake ka tsaya a kan aikinka kamar na wani ne.

Ina matuƙar son in ga sassan Hausa da na adabi a jami'o'inmu sun buɗe wannan ƙofa sosai, ba don kundi mai babi biyar ɗin da muka saba ba shi da amfani ba, sai don muna da ɗalibai marubuta da mawaƙa da 'yan fim da suke ajiye abin da suka fi iyawa a bakin ƙofar aji. Amma a buɗe da sharaɗi, kar ya zama mafakar wanda ba ya son karatu, ni karatun da na yi wa sharhin nan bai gaza na abokan ajina ba.

Masu tambaya ta ina za su fara, kafin ku nemi gurbi ku nemi littafin ƙa'idojin sashen ku duba ko sun yarda da irin wannan kundi, nawa ne makin aikin nawa ne na sharhin, ko za a karɓi aiki da Hausa, kuma wa ke da mallakar abin da kuka naɗa bayan an gama. Sannan ku tabbata akwai malamin da ya taɓa duba irinsa, ku rubuta masa tambayarku a layi biyu tun kafin ku biya kuɗin fom.