Hannun hagun Hajiya

Laraba, bayan isha'i.

Hunturun bana ya kankama. Da na fito daga Tudun Wada da safe hazo ya rufe gari, ba a hango ƙarshen titi, kuma masu shanyewar ɓarin jiki da suka zo sashenmu na fisiyo, wato gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, a asibitin koyarwa na Shika, Zariya, duk gaɓoɓinsu sun fi na kullum ƙagewa. Malamarmu ta ce haka sanyi yake yi wa tsokar da dama can a ɗaure take. Safiyar ta tafi ne a kan yara, yawancinsu waɗanda ciwon shawara ya taɓa wa ƙwaƙwalwa a makon haihuwa, ko waɗanda suka wahala wajen naƙuda ba su yi kuka da wuri ba. Na taya wata uwa koyon yadda za ta goya ɗanta ƙafafunsa a buɗe. Wannan aikin na saba da shi yanzu.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne ziyarar gida da muka yi bayan azahar. Malama ta ɗauke ni, ni da wani abokin karatuna namiji, zuwa cikin Birni wajen wata dattijuwa da aka sallama kusan wata biyu da suka wuce, ba a kuma sake kawo ta ba. A hanya na ga dalili da idona. Daga Shika sai ka bi Samaru, ka wuce Kwangila, ka ratsa Tudun Wada, sannan ka shiga ta Ƙofar Doka, daga nan kuma lungu ne wanda mota ba ta shiga. Ga mai lafiya ma tafiya ce. Tsohuwar da ba ta iya tsayuwa kuwa sai an ciccibo ta daga ɗaki zuwa bakin titi, a yi shatar Keke Napep, mutum biyu su bar sana'arsu ta yini. A fayil za a rubuta cewa ba ta zo ba, shi ke nan. Wanda ya karanta sai ya ɗauka sakaci ne.

Gidan na malamai ne, ba a shiga. Abokin karatuna ya tsaya a zaure tare da babban ɗanta, ni da Malama muka yi sallama muka wuce. Na lura Malama ba ta buɗe jakarta ba sai da aka gama gaisuwa kaf. Ta durƙusa, ta ce, "Hajiya, mun same ku lafiya? Ya ƙarfin jiki? Ya sanyin nan?" Ta gaida matar ɗan, ta tambayi yara, ta sha ruwan da aka kawo. A asibiti layi ne a bayanka, gaisuwa ba ta wuce kalma biyu. A nan mu ne baƙi.

Hajiya na kwance a katifa a ƙasa, kaskon wuta a gefenta. Ɓarin hagu ne ya shanye. Maganarta tana fita, bakin ne kawai ya ɗan karkace. Kafin ciwon ɗinkin hula take yi, irin na hannu da matan Birni suka shahara da shi, har ga wata da ba ta ƙarasa ba a rataye jikin bango da allurarta a soke.

Da Malama ta ce in duba hannun, sai na ga abu biyu da suka tayar mini da hankali. Akwai ƙuna a damtse wadda ta fara warkewa, kuma da na ɗora yatsa a kafaɗa sai na ji rami tsakanin ƙashin sama da kan ƙashin hannu, alamar kafaɗar ta sassauto daga mazauninta. Matar ɗan ta ce ai gashi suke mata safe da yamma da ruwan zafi, kuma wata maƙwabciya tana zuwa tana ja mata hannun don kada ya sandare. In za a tayar da ita ma ta wannan hannun ake kamawa.

Ina jiran in ji Malama ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Ta ce, "Sannunku da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Da ba ku kula da ita, da yanzu bayanta ya yi gyambo, ga shi kuwa fatar lafiya lau." Gaskiya ta faɗa, domin na duba ƙugu da diddige babu ko ja. Sannan ta sa matar ɗan ta rufe wa Hajiya ido, ta taɓa hannun dama da cokali mai sanyi, Hajiya ta ce sanyi. Ta taɓa na hagu, shiru. Matar ta dafe ƙirji. Ba sai an ce mata komai ba, ta gane ruwan da take zubawa yana cin naman ne mai shi ba ta ji. Aka tsaya a kan cewa ruwa mai ɗumi kawai, kuma mai gashin ta fara tsoma gwiwar hannunta, a kuma janye kaskon daga ɓarin hagu. Ja kuwa an bar shi gaba ɗaya. Na nuna mata yadda za ta tallafi hannun da matashi in Hajiya na zaune, da yadda za ta tayar da ita ta riƙe ta a ƙugu da allon kafaɗa.

Akwai kuma abin da ya fi damun mutanen gidan. Sun ce Hajiya tana cin rabin tuwon da ke dama ta bar na hagu ta ce ya ƙare, kuma in mutum ya zauna ta hagunta ko kallonsa ba ta yi. Shi ya sa wasu dangi suka ce iska ce, aka shiga rubutu da hayaƙi. Mu mun san wannan a karatu: in ciwon ya taɓa ɓarin dama na ƙwaƙwalwa, mutum yakan manta da duk abin da ke hagunsa, har da hannunsa, alhali idonsa yana iya zama garau. Malama ta sa aka kira ɗan zuwa tsakar gida, ta yi musu bayani tare. Ta ce su ɗauki ƙwaƙwalwa kamar lambun bakin kogin Galma: in hanyar ruwa ta toshe ko ta fashe, fangalin da ke gaba shi ne zai bushe. Jijiyar jini ce ta toshe a kan Hajiya, kuma hawan jini ne ya fi kawo hakan. Ba ta ce musu babu aljanu ba, ba ta ce su daina addu'a ba. Ta ce, "Malam, tofi da addu'a ku ci gaba, mu ma muna buƙata. Amma ina maganin hawan jininta?"

Sai ya sunkuyar da kai ya ce ya ƙare tun makonni, da suka ga kan ya daina ciwo sai ba su sake saye ba. Na gwada jininta, ya haura 140 bisa 90 da nisa. A nan muryar Malama ta canza. Ta ce wannan ba abin da za a kai gobe ba ne, yau za a kai takardar wajen likita a sabunta maganin, domin ciwon yana iya dawowa, kuma na biyu yakan fi na farko muni. Ta ce maganin hawan jini ba a dainawa don an ji sauƙi. Ta ƙara da cewa a rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa a abincinta, kuma duk ranar da suka ga baki ya sake karkacewa, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya saki, asibiti za a nufa a take, ba a jira a ga abin da gari zai waya da shi. Shi da kansa ya ce ai Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarni da neman magani.

Bayan ya fita ne Malama ta ce mini, "Tambaye ta me take so ta iya." Na matsa kusa na ce, "Hajiya, in Allah ya ba da sauƙi, me kuka fi so ku fara yi da kanku?" Na ɗauka za ta ce tafiya, ko ɗinki. Ta yi shiru har sai da matar ɗanta ta fita ɗauko ruwa, sannan ta riƙo hijabina da hannun dama ta ce a hankali, "'Yar nan, tsarki. Matar ɗana ce take mini tsarki. Ina zan sa kaina?"

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san kunyar da ke tsakanin uwar miji da matar ɗa. Matar da ko cin abinci ba ta cika yi a gaban surukarta ba, yau ita ake ɗagawa a kan fo. Kuma hannun hagu ne ya tafi, hannun da ake tsarki da shi. Matar ɗan ta gaya mana daga baya cewa Hajiya ta rage shan ruwa ƙwarai, ashe don kada fitsari ya kama ta ne. Wannan kuwa haɗari ne ga ƙoda da mafitsara, ga kuma taurin bayan gida. Babu takardar gwajin da na taɓa cikewa da za ta fito da wannan maganar.

Sauran lokacin duk a kan wannan muka yi shi. Na je na duba bayin gidan: masai ne na tsuguno, akwai dokin ƙofa mai tsayi, ƙasan kuma da santsi. Abokin karatuna ya zana wa ɗan kujerar katako mai rami a tsakiya da hannun riƙewa, wadda kafinta zai iya yi, a fara ajiye ta a ɗaki bayan labule kafin ta iya kaiwa bayi. Aka ce a samo bokiti mai famfo a ɗora a kan abu mai tudu ta dama, don kada sai ta riƙe buta. Batun yin tsarki da dama kuwa Malama ta ce ba huruminmu ba ne mu ba da fatawa. Ɗan ya ce larura ce, ya san hukuncin, kuma zai faɗa mata da bakinsa don hankalinta ya kwanta.

Motsa jikin ma a jikin salla muka rataya shi. Maimakon takarda mai cewa a yi kaza sau goma, sai aka tsara cewa kowace alwala jikarta za ta zauna ta hagunta, Hajiya ta juyo ta kalli hannun, ta wanke shi da kanta da hannun dama tun daga yatsu har gwiwa, a buɗe yatsun a hankali. Sau biyar ke nan a yini, kuma babu mai mantawa. Salla za ta koma yi a zaune a bakin gado ƙafafu a ƙasa, maimakon a kwance, tafin hagu a kan gwiwa. Hadisin Imrana ɗan Husaini sananne ne a gidan: a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kwance. Rediyonta aka mayar hagu, masu zuwa dubiya ma ta nan za su riƙa zama. Kafin mu tafi ni da Malama muka tayar da ita tsaye daga bakin gado. Ƙafar hagun ta yi rawa, na tokare gwiwar da tawa, ta tsaya na ɗan lokaci tana salati. Watanni uku zuwa shida na farko su ne jiki ya fi saurin farfaɗowa, saboda haka tana da sauran dama, in dai aka dage.

A hanyar dawowa mun yi gardama da abokin karatuna. Shi yana ganin ya kamata a fito fili a ce musu maganar iska ba ta da tushe, a hana rubutun, domin irin wannan tunanin ne yake sa a makara da mara lafiya a gida. Ba ƙarya ya yi ba, ana makara, kuma mun ga waɗanda makarar ta kashe. Amma ni ina ganin Malama ba ta ɓoye komai ba. Ta faɗi sanadin ciwon ƙarara, ta hana ja, ta hana ruwan zafi, ta tsaya kai da fata a kan magani. Abin da bai cutar ba ne ta bari. Da ta fara da ƙaryata su, da sun ce to, su raka mu bakin ƙofa, gobe maƙwabciya ta dawo ta ci gaba da jan hannun.

Sana'ar nan tamu a 1945 ta shigo Nijeriya ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, a hannun Turawan Ingila, sai a 1966 Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a kanta. Har yau yawancin littattafanmu daga Ingila da Amurka suke zuwa, kuma gidan da ke cikinsu yana da gado mai tsayi, kujerar cin abinci, da bayi na zama. Ilimin jikin ɗan Adam ɗaya ne, ban da ja a kan wannan. Tsarin auna lafiya da naƙasa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2001, wanda muke haddacewa don jarrabawa, shi ma ya ce a duba muhallin mutum da abin da yake yi a cikin jama'arsa. Sai dai babu mai cike mana wannan gurbin da tabarma da buta da kunyar surukai in ba mu ba.

Malama ta ba ni aikin rubuta tsarin Hajiya da Hausa, da hotuna, don jikar ta riƙa bi, tunda ita ce mai karatun boko a cikin gidan. Abin da ban warware ba shi ne saukowa ƙasa. Hajiya ta tambaya yaushe goshinta zai sake taɓa dadduma, kuma sauka daga tsaye zuwa durƙuso da tashi daga nan yana cikin abubuwa masu wuya ga mai rauni a ɓari ɗaya. Zan karanta matakan daren nan, in gwada su a tsakar ɗaki da ƙafa ɗaya a sake, gobe in nuna wa Malama kafin a fara ganin marasa lafiya. Ɗan ya kira da magariba ya ce an ga likita, an sayo maganin, kuma kafinta ya ce kujerar za ta samu ranar Asabar.