Kuskuren da na yi wajen neman alamar ciwon daji a jerin DNA

Ƙannena masu sha'awar binciken ciwon daji ta kwamfuta, bari in ba ku labarin watannin da na ɓata a kan wata alama da ba ta wanzu ba.

Jerin DNA na ɗan Adam ya kai haruffa kusan biliyan 3, amma ɓangaren da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin bai cika kashi 2 cikin 100 ba. Sauran fili ne mai faɗi da ba a gama fayyace aikinsa ba, kuma sha'awarsa tana da dalili, domin a 2013 an gano sauye-sauye a gaban ƙwayar halittar TERT a ciwon dajin fata, a wurin da ba ya ƙera furotin ko kaɗan.

Ni ma na ci karo da wani guntun jeri da ya yawaita a samfuran ƙari amma kusan babu shi a na masu lafiya. Murna ta rufe mini ido, ban tambayi inda samfuran suka fito ba. Ashe na marasa lafiya daga ɗakin gwaji ɗaya suke, na masu lafiya kuma daga wani, an sarrafa su a lokuta daban da na'urori daban. Abin da na auna bambancin ɗakunan gwaji ne, cutar ba ta da hannu a ciki. Bugu da ƙari, guntun yana cikin maimaitaccen jerin da ake kira Alu, wanda ke da kwafi fiye da miliyan 1 a cikin DNA ɗinmu, don haka manhajar da ke jera gajerun guntayen DNA da na'ura ta karanta a kan taswirar DNA tana ɗora su a wurin da ba nasu ba. Wani babban malami ne ya nuna mini haka cikin 'yan mintuna, kuma kunyar ranar ba ta bar ni ba har yau.

Saboda haka, idan kun ga abin da ya burge ku, ku fara da ƙoƙarin rushe shi da kanku. Ku kwatanta ƙarin da jinin mai cutar kansa, domin ta haka ake raba sauyin da aka gada da wanda ya taso a cikin ƙarin. Ku tabbatar da taswirar da kuke aiki da ita, domin lambar wuri a tsohuwar taswirar DNA ta ɗan Adam, GRCh37, ba ta dacewa da ta wadda ta biyo bayanta, GRCh38, kuma dukansu suna da giɓi, sai a 2022 aka cike kusan kashi 8 cikin 100 na jerin da ba a karanta ba a baya, galibinsa maimaitattun wurare. Ku kuma tuna cewa wanda ya gwada wurare dubbai, dole wasu su fito da bambanci bisa tsautsayi kawai.

Yanzu ba na sanar da kowa sakamako sai na sake ganinsa a wani rukunin marasa lafiya dabam, kamar na TCGA, wani babban rumbun bayanan DNA na masu ciwon daji, sannan an tabbatar da shi da gwajin PCR, mai ninka kwafin guntun DNA a ɗakin gwaji don a duba shi, a kan ainihin samfuri.