Erkin Koray, Baturken da ya sa jita ta yi yaren gida

Matasan da ke haɗa kiɗa a situdiyo a Gusau da Birnin Kebbi sun san Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jita na Amurka, amma da wuya ka ji wani ya ambaci Erkin Koray, alhali damuwarsu ɗaya da tasa: yadda za a jona kayan kiɗan gargajiya da lantarki ba tare da sautin ya lalace ba.

An haifi Koray a Istanbul a 1941, ya fara hawa dandali a 1957 yana kwaikwayon kiɗan Amurka. Bayan aikin soja, a tsakiyar shekarun 1960, ya tafi Hamburg ta Jamus ya yi kiɗa da Turawa. A can ɗaya ne cikin ɗaruruwa. Da ya koma Turkiyya ne ya samu bakin zaren, faifansa na 1974, Elektronik Türküler, shi ne shaida. Mutanensa na kiransa Erkin Baba, ya rasu a Toronto ta Kanada a 2023. A ganina duniya ba ta ba shi haƙƙinsa ba.

Ga inda wuyar take. Ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, wato matakan sauti, kafaffu ne, 12 kafin sauti ya zagayo kan muryar farko. Waƙar Turkawa kuwa tana da muryoyi a tsakankanin waɗannan. Molonsu, baglama, da zare ake ɗaura masa matakan, ana iya gusar da su. Mai jita sai dai ya danne tsirkiya ya tura ta sama kaɗan, kamar rabin tazarar mataki guda, ya tsaya nan. In ya zarce ya faɗa muryar gaba, ɗanɗanon ya tafi. Siraran tsirkiyoyi, masu lamba 9, sun fi saurin lanƙwasuwa, amma suna yawan sauka daga saiti, musamman sababbi, don haka a jajja su da hannu a sake ɗaurewa kafin a fara ɗauka.

Koray na cikin waɗanda suka fara sa wa baglama lantarki, kuma nan ne mai gurmi ko molo zai ƙaru. Abin ɗaukar sauti na jita maganaɗisu ne, ƙarfe kawai yake ji. In tsirkiyarka zaren kamun kifi ce, ko ka manna shi ba za ka ji komai ba. Sai ka nemi ɗan faifan piezo mai jin girgiza, ka liƙa shi a fata kusa da jaki, wato ɗan abin da tsirkiya ke hawa kansa, ba a tsakiya ba, don can fatar ta fi rawa, sautin sai ya cushe. Wayarsa kada ta wuce mita 3, kuma ta bi ta ƙaramar na'urar ƙara ƙarfi kafin amfilifaya, in ba haka ba sautin zai fito siriri, babu kauri.

Sai kukan lasifika. Ƙoƙon gurmi fanko ne, yana kama ƙarar lasifika ya mayar mata, ita ma ta dawo masa da ita. Makaɗi ya koma bayan lasifika, a rage ƙarfi daga amfilifaya, in ya ƙi a cusa ɗan soso cikin ƙoƙon. Gurnanin da ke tashi in an kunna janareta kuma yawanci rashin wayar ƙasa ne, a fara duba ta kafin a zargi kayan kiɗa.