Alhamis a Agege: layinmu a kan taswira

Yau Alhamis, ranar sharar kasuwa, ba a buɗe shago sai ƙarfe 10, don haka ba ni da uzurin ƙin zuwa taron da ƙungiyar unguwa, wadda kowa ke ce wa CDA, ta kira. Takardar gayyata tun makon jiya take manne a jikin falwayar bakin masallaci, da Turanci da Yarbanci. Na ce wa Kawu ya shirya mu je, ya ce, "Kai ɗan nan, taron masu gari ne, mu baƙi me ya kai mu?" Mutumin da aka yanke wa cibiya a Zangon Agege, kakansa ya zo tun ana lodin goro a taragon jirgin Kano, wai shi ne baƙo. Da ƙyar na lallaɓa shi.

Rumfa aka kafa, aka jera kujerun roba. Na waiga na ƙirga mu Hausawa, mu biyar ne, alhali rabin shagunan layin namu ne. Ma'aikata biyu masu tsara gari sun liƙa wata ƙatuwar taswira a allo, suna bayanin faɗaɗa hanya da haƙa sabuwar magudanar ruwa. Dalilinsu ba ƙarya ba ne. Tun da aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema a 2021, sannan jirgin ƙasa na Red Line da ke tashi daga Oyingbo zuwa Agbado ya fara aiki a 2024, jama'ar da ke ratsa lungunanmu zuwa tashar Agege ta ƙaru sosai. Da yamma ko Keke Marwa sai ya yi ta roƙon hanya.

Ina fassara wa Kawu Turancinsu a kunne, sai na ji ya daina cewa "to". Ya miƙe da sandarsa ya nufi allon. Shuɗin layin da suka ja wa magudanar ya bi ta gefen dama, shi kuwa ya ɗora kan sandar a hagu, ya ce da Yarbancinsa da ya fi nawa, ruwa ba ya bin can. Akwai tsohon kwalbati a ƙarƙashin teburin mai shayi, ya toshe shekara da shekaru, kuma duk damina nan ruwan ke neman hanyarsa, in bai samu ba ya shige ɗakunan mutane. Taswirarsu ba ta san da shi ba. Wata tsohuwa Bayarabiya mai sayar da barkono ta tafa hannu ta ce gaskiyar Baba Alhaji ne, ita ma sau uku tana kwashe katifarta. Ƙaramin ma'aikacin ya ciro biro ya yi alama a wurin. Na ga alamar da idona, ɗan da'ira ne ja.

Maganar diyya ce ta ɗan yi zafi. Mai takardar mallakar fili ya san inda zai dafa. To mai haya fa, da mai tebur, da mai gasa tsire a bakin hanya? Aka ce za a duba. Kowa a Legas ya san "za a duba", jiha mai ƙananan hukumomi 20 da wasu 37 da ta ƙara wa kanta, kana iya ƙarar da takalmi kafin ka gano teburin da ake dubawar. Duk da haka na fi jin haushinmu. Ranar da katafila ta iso, layin nan zai cika da masu salati, amma yau da ake tambaya da baki, mutum biyar.

Kafin a tashi na nemi a riƙa rubuta gayyata da Hausa. Shugaban ƙungiyar ya yi dariya, ya miƙo mini takardar taro na gaba ya ce, ai ga ka nan. Yanzu ita ce a gabana, na maƙale a kan yadda zan rubuta tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da titi ta yadda mai shayi zai gane teburinsa ake nufi. Gobe bayan Juma'a zan roƙi Liman ya karanta ta a lasifika. Kawu kuwa tun la'asar yake ba 'yan majalisa labarin sandarsa, har kwalbatin ya zama biyu.