Jirgin da ba ya taɓa dogo ma yana asarar ƙarfi

Ana cewa jirgin ƙasa da maganaɗisu ke ɗagawa, idan yana tafiya cikin bututun da aka zuƙe wa iska, ba ya asarar ƙarfi, sai na ce bari in gwada. Na jera ƙananan maganaɗisu a kan katako suka zama layin dogo, na manna wasu a ƙarƙashin ɗan kwali, fuskokinsu na tunkuɗe juna. Kwalin ya tashi, amma sai ya riƙa zamewa gefe yana kifewa. Tun 1842 masanin lissafi ɗan Ingila Samuel Earnshaw ya nuna cewa maganaɗisu zalla ba za su riƙe abu a sarari ya tsaya daram ba. Dole na kafa gilashi hagu da dama, gogayyar da nake gudu ta dawo ta gefe.

Na zura komai cikin bututu mai gani garau, na toshe bakinsa, na zuƙe iskar da famfo, na ɗan karkata shi. Kwalin ya gangara kusan yadda ya saba, domin gudunsa bai kai iska ta dame shi ba. Turjiyar iska sai an yi gudu take nuna kanta: a ninka gudu sau biyu, ta ninku sau huɗu, ƙarfin da injin zai kashe a kanta kuma sau takwas. Ga jirgin maganaɗisu irin L0 na Japan, wanda ya kai kilomita 603 a awa a 2015, wannan babban lamari ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da na sa farantin alminiyam dab da inda kwalin ke wucewa. Alminiyam ba ya kama maganaɗisu, ba iska, ba abin da ya taɓa farantin, amma da kwalin ya zo daidai wurin sai ya lafa kamar ya faɗa cikin zuma. Maganaɗisun da ke wucewa ne ke tayar da lantarki mai zagaye a cikin ƙarfen, shi kuma ya ja su baya, ƙarfin ya koma zafi. Wannan ita ce dokar Lenz, kuma famfo ba ya zuƙe ta.

Shi ya sa nake ganin masu cewa jirgin cikin bututu ba ya asara sun yi gaggawa. Ko shirin Hyperloop na 2013, wato tsarin jigilar fasinjoji cikin bututu, bai ce a kwashe iskar duka ba, ya bar kusan kashi ɗaya cikin 1000. Famfuna za su yi ta cin wuta saboda yoyo, maganaɗisun jirgin Japan kuma sai an sanyaya su zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifili. Zafin injin da na fasinjoji ma babu isasshiyar iskar da za ta ɗauke shi, sai jirgin ya yi dakonsa har tasha.